Rufin da Iska Ta Bari a Tsaye: Gane Ɓarnar Guguwa da Ƙanƙara Kafin Marka

Duk shekara, da zarar hadarin farkon damina ya taso daga gabas da ƙura da iska, labari iri ɗaya ake wayar gari da shi a unguwanninmu: rufin gidan wane ya yaye, kwanon makarantar firamare ya faɗa gonar bayan gari, katangar wane ta zube. Jama'a su tafi jaje, a taya mai gida tsince kwano da katako, a yi masa addu'ar Allah Ya mayar da alheri, sannan kowa ya koma gida yana hamdala cewa nasa rufin yana nan. Abin da ya dame ni, wanda kuma ya sa na zauna wannan rubutu, shi ne iskar da ta ɗauke rufin maƙwabci ta bi ta kan sauran gidajen layin da ƙarfi kusan iri ɗaya, kuma rufin da ya tsaya sau da yawa ya ji jiki ta inda ido ba ya kaiwa daga tsakar gida. Mai gidan da rufinsa ya tafi ya san matsalarsa, zai nemi kafinta ko da bashi ne. Wanda nasa ya tsaya shi ne ke kwana a ƙarƙashin kwanon da ƙusoshinsa suka sukurkuce, yana jiran iska ta biyu bai sani ba.

Wannan iska tana da lokacinta sananne. A Jos da kudancin Kaduna ruwa kan fara sauka tun watan Afrilu, a Kano da Bauchi sai wajen Mayu zuwa Yuni, a Sakkwato da Katsina da Maraɗi da Damagaram kuma ya ɗan ƙara jinkiri, amma a ko'ina hadarin farko ne ya fi zuwa da iska, domin ƙasa ta gasu da zafin bazara, sanyayyar iskar da ke zubowa daga cikin gajimare kuma ta bugi ƙasa ta bazu da gudu a gaban ruwan. Shi ya sa ƙura ke riga ruwa isowa, kuma mafi munin ɓarnar kan auku cikin 'yan mintuna kafin ɗigon farko. Hukumar NiMet mai kula da yanayi a Najeriya kan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tana kuma yawan gargaɗi a kan iskar shigowar ruwa. Mutanen Bauchi ba za su manta da watan Yunin 2018 ba, lokacin da iska ta afka wa garin ana cikin shagulgulan ƙaramar Sallah, ta yaye rufin gidaje da makarantu masu yawa, ta kayar da turakun lantarki, aka rasa rayuka, har shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya je jaje.

Mutane da yawa suna ɗauka iska tura rufi take yi. Babban aikinta a kan rufi ɗagawa ne. Idan ta bugi bangon gida ta haura sama, takan ƙara gudu a daidai bakin rufi, nauyin iskar da ke saman kwano ya ragu, wadda ke ƙarƙashinsa kuma ta tunkuɗo shi sama. Ƙarfin nan yana ƙaruwa fiye da yadda gudun iskar ke ƙaruwa: idan gudunta ya ninka sau biyu, ƙarfinta kan ninka sau huɗu. Iskar da ke gudun kilomita 50 a awa ɗaya tana jan kowace murabba'in mita da abin da bai wuce kilo 12 ba, amma mai gudun kilomita 100 tana kaiwa kusan kilo 45, kuma a kusurwoyin rufi abin kan ninka haka. Ɗaki ɗaya mai ƙafa 12 da 12 ke nan iska tana iya jan rufinsa sama da ƙarfin da ya haura rabin tan, alhali kwanon alminiyum mai kaurin milimita 0.55 nauyinsa bai kai kilo 2 a murabba'in mita ba. Nauyin rufin ba ya taimaka masa da komai a wannan kokawa. Abin da ke riƙe da shi ƙusar da ta haɗa kwano da tubaitu ce (siririn katakon da ake buga kwano a kai), da ƙusar da ta haɗa tubaitu da rafta (babban katakon da ke ɗauke da tubaitu), da ɗaurin da ya haɗa rafta da bango, kuma duk inda ya fi rauni a cikin ukun nan, nan ne zai fara sakewa.

Daga nan ake gane inda ya kamata a fara dubawa. Kusurwoyi huɗu na rufi, da bakinsa da ya leƙo waje, da ƙololuwarsa inda ake kifa hula a mahaɗar gangara biyu, su ne iska ke fara kamawa, tsakiyar rufi kuwa ba kasafai take fara lalacewa ba sai gefe ya buɗe mata hanya. Rufi mai gangara ɗaya, irin na shaguna da jerin ɗakunan haya, ya fi kowane saurin tafiya, musamman idan an bar masa dogon baki. Mai gangara huɗu ya fi mai gangara biyu juriya. Rumfar baranda da aka haɗa katakonta da na babban rufi takan zama sanadin asarar gida gaba ɗaya, domin iska na shiga ƙarƙashinta a sake, idan ta ɗaga ta kuma sai ta ja sauran. Haka nan ƙofa ko tagar da ta buɗe ta wajen da iska ke tahowa, ta bar iska ta cika ɗaki tana turo silin da kwano daga ciki a daidai lokacin da ake jan su daga waje. Tun da hadarinmu daga gabas ya fi tasowa, gefen gabas da arewa maso gabas ne na farko a dubawa, amma kada a tsallake gangarar yamma, don ita ma iska na tsotsarta yayin da take sauka ta bayan gida.

Akwai kuma dalilin da ya sa rufi ke shiga damina a raunane tun kafin iska ta taɓa shi. Watannin hunturu da bazara suna busar da katako har ya tsuke ya saki ƙusa, musamman inda aka yi aiki da ɗanyen katako. Shi kansa kwanon kullum yana miƙewa da rana yana komawa da dare. Dogon kwanon alminiyum mai mita 6, idan zafin jikinsa ya sauya da digiri 40 tsakanin asuba da azahar, yakan ƙaru da fiye da milimita 5, na ƙarfe kuma kusan rabin haka, kuma wannan kai da kawo na kowace rana yana faɗaɗa hujin ƙusa yana cinye robar da ke ƙarƙashin hularta. A ƙara da gara da ƙwaron katako. Iska tana zuwa ne ta tarar da ƙusa kamar haƙorin da ya daɗe yana girgiɗi.

Binciken farko a ƙasa ake yin sa, ba a buƙatar tsani. Kafin a share tsakar gida, a duba abin da ya zubo: ƙusa mai hula, guntun baƙar roba, ɓallin siminti daga saman bango, yankin kwano komai ƙanƙantarsa, ko garin katako. Kowanne daga wani wuri ya fito, kuma ƙusa ɗaya a ƙasa tana nufin akwai huji ɗaya a buɗe a sama. Bayan haka a fita waje, a ja da baya sosai, ko a roƙi maƙwabci mai bene a hau a hango. Abin da ake nema layi ne. Ƙololuwar rufi da bakinsa an yi su a miƙe, saboda haka duk inda layin ya lanƙwashe, ko ya lotsa, ko wata kusurwa ta fi 'yar'uwarta tsayi, akwai magana. A dubi mahaɗar kwano da kwano ko wani ya buɗe baki, a dubi jerin kawunan ƙusoshi ko wasu sun miƙe sun fi saura tsawo har suna yin inuwa, a dubi allon da ake bugawa a bakin rufi ko ya rabu da katakon da ke bayansa. Kwanon da iska ta ɗaga ta sake ajiyewa yakan bar karaya a jikinsa, wani siririn layi da ya gitta tudu da kwarin kwanon, yawanci a daidai tubaitu na biyu daga baki, kuma ko da ya koma ya kwanta sumul a ido, ƙarfinsa ya tafi a wannan layi. Kunne ma yana da aiki a nan: rufin da bai saba ƙara ba, idan ya fara kaɗawa ko bugawa da 'yar iskar yamma, wani abu ya saki.

Amma shaidar da ta fi ƙarfi tana cikin silin. Na koyi duba wannan wuri ne daga wani tsohon kafinta da muke kira Baba, ranar da muka shiga saman silin wani gida na danginmu bayan iska, da rana tsaka. Ina haska tocila ta ko'ina, sai ya ce, “Kashe ta, ɗana, ka bar idonka ya saba da duhun tukuna.” Da na kashe, can sai ɗigo-ɗigon haske suka fara bayyana a jikin kwanon, mafi yawansu a jere a kan layi ɗaya ta kusurwar gabas, da wani dogon tsagi na haske inda kwano biyu suka rabu. Sannan ya karɓi tocilar ya haska mini mahaɗar tubaitu da rafta. Tsakaninsu akwai rata da ɗan yatsa zai kusa shiga, kuma jikin ƙusar da ya bayyana a ratar fari ne tas, yana ƙyalli, alhali kanta ya yi tsatsa. Na ce, “Baba, me wannan ke nunawa?” Ya ce, “Wannan ɓangaren jiya a cikin katako ya kwana. Da ya daɗe a waje da ya yi ja kamar kan. Iska ta ɗaga rufin nan ta ajiye, saura kaɗan ta tafi da shi.” Daga tsakar gida babu wanda zai ce wani abu ya sami rufin.

Wuri na uku, wanda ya fi kowanne haɗari kuma aka fi mantawa da shi, shi ne inda katako ya zauna a kan bango. A ginin da aka yi da kula, akan bar rodi ko langa-langa a cikin kankaren saman bango a naɗe katakon da shi. A gini mai araha kuwa akan ɗora katako a kan bulo, a cike gefensa da siminti, a ɗauka ya kamu. Idan iska ta ja irin wannan rufi, layin bulo na ƙarshe ne ke ɗagawa tare da shi. Alamarsa tsaga ce a kwance, wadda ta bi saman bango ƙasa kaɗan da silin, daga ciki ko daga waje, wani lokaci da garin siminti sabo a gindin bangon. Tsagar da ke hawa a tsaye ko a karkace daga ƙasa yawanci maganar harsashi ce, wani batu ne dabam. Wadda ke kwance a sama, musamman a bangon gabas ko a kusurwa, idan ba a san ta ba kafin iskar, bai kamata iyali su ci gaba da kwana a ɗakin ba sai magini da kafinta sun gani.

Tabon ruwa a silin yakan ruɗar da mutane. Ruwa yana shiga ta huji, ya bi ƙarƙashin kwano ko jikin katako ya gangara, ya je ya ɗiga nesa da inda ya shigo, don haka a nemi hujin ta sama da tabon, wajen ƙololuwa. Silin roba yana ɓoye yoyo na tsawon lokaci domin ba ya jiƙewa, ruwan ya taru a kansa ya riƙa fita ta gefen bango ko ta ramin ƙwan lantarki, wanda haɗari ne na musamman. Silin POP kuwa yakan sha ruwa ya yi nauyi, ya nuna rawaya-rawaya da siririyar tsaga kafin ya ɓalle. Ya kamata kuma a lura da irin ruwan da ke sa ɗakin yoyo. Idan kowane ruwa yana shiga, akwai huji. Idan sai ruwa mai iska kaɗai, to feshi ne ke kutsawa ta mahaɗar da ta buɗe ko ta ƙarƙashin hular ƙololuwa, kuma wannan ita ce alamar da iska ta fi bari.

Bambance sabuwar ɓarna da tsohuwa yana da amfani fiye da sanin sani, domin a kansa ake samun saɓani tsakanin mai gida da ɗan haya, da kuma tsakanin mai gida da kafintan da ya yi aikin bara. Gidajenmu kaɗan ne ƙwarai ke da inshora, kuɗin gyara daga aljihun wani zai fito. Hujin da zafi da shekaru suka faɗaɗa yakan zama dogo, ya bi tsawon kwanon, gefensa sumul kuma ya dushe ko ya yi tsatsa. Wanda iska ta yi yagewa ce, bakinsa ya tashi ko ya lanƙwashe, ƙarfen da ya bayyana kuma sabo ne mai haske. Katakon da iska ta karya cikinsa fari ne mai tsage-tsage, wanda gara ta ci kuwa yana da ƙasa a ciki, yana marmashewa a hannu. A ganina adalci shi ne a yarda cewa sau da yawa abubuwan biyu suna haɗuwa, wato iska ta ƙarasa abin da sakaci ya fara. Ko ma yaya ne, a ɗauki hotuna da waya tun kafin a taɓa komai, don su ne hujja a gaban mai gida, da kuma jami'an hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha idan sun zo ƙididdigar asara.

Ƙanƙara ba ta kai iska yawa a ƙasarmu ba, amma tana sauka, kuma mutanen Filato sun fi kowa saninta. Tana samuwa ne a cikin dogon gajimaren hadari, inda iska mai ƙarfi ke cilla ɗigon ruwa sama zuwa inda sanyi ke daskarar da shi, ya yi ta tara ɓawo har ya fi ƙarfin iskar ya faɗo. A yankinmu wannan sanyi yana can sama da kilomita 4 daga doron teku, don haka yawancin ƙanƙarar kan narke a hanya kafin ta iso. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, hanyar ta fi gajarta kuma iskar ta fi sanyi, shi ya sa ƙanƙara ke isowa ƙasa da girmanta, har ta lalata gonakin kayan lambu. A Kano ko Zariya ko Gusau ma takan faɗo jefi-jefi, yawanci a farkon damina.

Tambarin ƙanƙara dabam yake da na iska. Iska tana bin gefe da kusurwa da layin ƙusa, ƙanƙara kuwa tana warwatsuwa ba tsari, tana fin yawa a gangarar da ta fuskanci inda hadarin ya fito. Kafin a hau sama, akwai shaidu a ƙasa da za su faɗi girmanta. Ganyen gwanda da na ayaba da na masara sukan yayyage ko su huhhuje. Murfin tukunyar alminiyum da aka bari a waje, saman mota, siraran haƙarƙarin na'urar sanyaya ɗaki da ke waje, da ragar sauro ta taga, duk suna ɗaukar tabo. A bango mai ƙura ko tankin ruwa akan ga ɗigo-ɗigon wuraren da ta goge. Idan ƙanƙarar ba ta wuce ƙwayar wake ba kuma waɗannan abubuwa ba su nuna komai ba, da wuya ta yi wa kwano illa. Daga faɗin santimita 2.5 zuwa sama ne masana yanayi ke lissafa ta cikin mai ɓarna, kuma a nan ne hawa sama ya zama dole.

A kan kwano, lotsawar ƙanƙara ba ta fitowa da rana tsaka. Da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da haske ke zuwa a kwance, ake ganin ƙananan gurabu zagayayyu, kuma idan aka goga alli a kwance a kan wurin sai gurbin ya fito fili domin allin ba ya shiga cikinsa. Yawancin irin wannan lotsawa muni ce kawai, ba ta sa yoyo, kuma ban ga dalilin da zai sa talaka ya canza kwano saboda ita ba, ko da wani ya matsa masa. Wadda ke da illa ita ce ta bakin mahaɗa da ta hana kwano biyu kwanciya a kan juna, da ta kusa da ƙusa da ta fasa roba, da wadda ta fasa fenti ko rufin tutiya na kwanon ƙarfe, domin nan ne tsatsa za ta kama bayan damina ɗaya ko biyu. Tsohon kwanon da tsatsa ta riga ta sirantar kuwa ƙanƙara kan huda shi kai tsaye. Kwano mai yashi, wanda aka fi sani da Gerard, yana nuna ciwonsa ta yashin da ke taruwa a gwata da bakin bututun ruwa, da kuma tabo-tabon da suka yi sanƙo a jikinsa. Kwanon roba mai shigo da haske, idan rana ta gasa shi shekaru, yakan tsage ko ya fashe. Tsohon rufin asbesto yana yin siririyar tsaga da ba a gani sai ya jiƙe, kuma shi ba a taka shi, ba a yanka shi ko goge shi a bushe, saboda ƙurarsa tana cutar da huhu. Farantan sola ana gwada su a masana'anta da ƙanƙara mai faɗin milimita 25, saboda haka ƙarama ba ta cika fasa su ba, amma a duba gilashin, a lura ko wutar da suke bayarwa ta ragu, a kuma girgiza ƙafafunsu, don iska na shiga ƙarƙashinsu tana jan ƙusoshin da suka huda kwano.

Gidajen da aka ɓoye rufinsu a bayan katangar sama suna da tasu matsalar. Katangar tana kare bakin kwano daga iska, wannan gaskiya ne, amma duk ruwan rufin yana bi ta gwata ɗaya da 'yan ƙananan mafita. Ƙanƙara da ganyen darbejiya da ledar da iska ta kwaso suna toshe mafitar cikin ɗan lokaci, ruwa ya cika gwatar ya koma ta ƙarƙashin kwano ya zuba cikin ɗaki. Mai gida sai ya yi ta neman huji bai samu ba, domin ƙanƙarar da ta jawo abin ta narke tun da dare. Alamar ita ce danshi a saman bango a tsawon gwatar, da layin datti da ruwa ya bari a jikinta can sama da inda ya saba kaiwa.

Hawa rufi ba aikin yara ba ne, ko da su ne suka fi sauƙin jiki. Ba a hawa kwano a jiƙe, ba a hawa ana hadari, kuma ba a kusantar sa idan wayar lantarki ta faɗo a kai ko tana gogarsa. Wanda zai hau ya taka kan layin ƙusa kawai, inda katako yake a ƙasa, wani kuma ya riƙe masa tsani.

Ban manta da gidajen ƙasa ba, waɗanda har yanzu suke da yawa a tsofaffin unguwannin Kano da Zariya da Katsina da ƙauyukanmu. Iska ba ta ɗaga rufin soro, nauyinsa ya fi ƙarfinta, amma ruwan da take fesawa yana cin rawani da zankwaye da bangon gabas, ƙanƙara kuma tana farfasa yaɓen sama ta bar ƙananan ramuka da ruwa zai kwanta a ciki. Magina na da sun san wannan, shi ya sa suke shafe bango da makuba, suke daɓe rufi da laso, kuma ake sabunta yaɓe kafin kowace damina. Bayan hadari a hau a duba gindin indararo, domin nan ne tsaga ke fara buɗewa, idan iska ta karkatar da shi kuma ruwa zai riƙa bin jikin bango maimakon ya zuba nesa. Daga cikin ɗaki a dubi azara: danshi a inda ta shiga bango, lanƙwasa a tsakiyarta, ƙasa tana zubowa ba wanda ya taɓa, ko ƙara da dare. Rufin ƙasa idan ya sha ruwa nauyinsa yana ƙaruwa sosai, kuma ruftawar ɗakunan da muke ji a watan Agusta, lokacin marka, da yawansu daga tsagar da aka raina a watan Yuni suke farawa. Ɗakin da ya nuna waɗannan alamu a fitar da mutane daga cikinsa a ranar.

Game da gyara, akwai abubuwan da muka saba yi waɗanda ba na goyon baya. Ɗora duwatsu da bulo da tsofaffin tayoyi a kan kwano shaida ce cewa ƙusa ta daina aiki, kuma suna tara laima su jawo tsatsa, idan babbar iska ta zo kuma su faɗo a tsakar gida inda yara suke. Mayar da ƙusa cikin tsohon hujinta ma aikin banza ne, don katakon ya riga ya sake ta. A buga sabuwa a gefe, a kan tudun kwano, ko a sa sukuru mai roba wanda ya fi ta kauri, sannan a toshe tsohon hujin. Kwalta da ledar kwalta mai mannewa suna tsayar da yoyo na ɗan lokaci, amma ba sa riƙe kwano. Idan kuɗi bai isa a gyara komai ba, a fara da ɗaure rafta da bango da rodi ko langa-langa, a bi da ƙara ƙusoshi a kusurwoyi da baki da ƙololuwa, inda ya kamata su fi na tsakiya kusa da juna, a canza tubaitun da gara ta ci, a sare reshen da ke gogar rufi. Kwanon da ya lotsa amma bai huje ba zai iya jira har kaka.